Murhun Nomau da Kifin Dutsen Rufa-Rana

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya ɓoye wuta a cikin dutse, ya ɓoye ruwa a cikin girgije, ya ajiye wa kowane ciwo maganinsa, wani a bakin ƙofa, wani a inda ƙafa ba ta isa sai ta yi jini. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku masu saurare, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Barau, maƙeri, mutumin Gawasa ta ƙasar Zambarau. Abin da zan faɗa muku da ƙafata na taka shi, da idona na gan shi, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ina da yaya mace, sunanta Kyauta. Ta girme ni da shekara tara, a bayanta na girma. Ita ce ungozomar Gawasa, rabin mutanen garin a tafin hannunta suka faɗo duniya. Ana nan sai yanar ido ta fara rufe mata gani, kaɗan kaɗan, har ya zama rana da inuwa kawai take bambancewa. Duk da haka ba ta daina zuwa ɗakin haihuwa ba, da lalube take aiki. Shekara uku tana haka. Wata rana ta dawo gida ta zauna a bakin maƙerata, ta gaya mini cibiya ta naɗe wuyan wani jariri ba ta gane da wuri ba, da kyar aka same shi da rai. Ta ce daga ranar ta ajiye aska. A cikin watanni biyu da suka biyo baya mata uku suka rasu a wajen haihuwa. Kowace aka ɗauka sai Yaya ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci.

A wannan lokaci wani tsohon bafatake mai suna Barmo ya kawo mini wuƙarsa gyara. Da ya ga Yaya, ya tambayi abin da ya same ta, sai ya ba mu labarin wani tafki a ƙololuwar Dutsen Rufa-Rana, can inda gabas ta ƙare. Ya ce a cikinsa akwai kifin da hantarsa ke yaye yanar ido. Amma ɗanyarta guba ce, in ta taɓa toka ta lalace, in kuma ta jima a waje gwargwadon a yi salla raka'a biyu sai ta yi baƙi. Dole a gasa ta a bakin ruwan, mai ciwon yana zaune. Ya ce daga gindin dutsen zuwa samansa kwana shida ne, ba itace, ba ciyawa, ba dabbar da ke iya hawa da kaya. Mutum ɗaya ya taɓa gani da ya sauko yana gani. Sauran sun isa, sun kama kifin, suka rasa inda za su aza wuta.

Ban yi shawara da kowa ba, na hura zugazugi don in ƙera murhun da za a iya hawa dutsen da shi. Murhun farko da na ƙera ya yi kyau, amma da Yaya ta ɗora shi a ka ta zaga tsakar gida sau ɗaya, sai ta sauke ta ce wannan ai ɗan akuya ne, ba mai kai shi ko bayan gari. Na biyu na rage masa ƙarfe har ya zama da ya ji wuta sai ya lanƙwashe. Na yi kwana ashirin ina ƙerawa ina fasawa. Ranar nan muna cin zabo, Yaya ta tsotse ƙashin fiffike, ta juya shi a yatsunta, ta miƙo mini.

"Nomau, taɓa ka ji. Cikinsa rami ne, amma shi ke ɗaukar tsuntsu sama."

Na bar abincin na koma maƙera. Na buga ƙarfe ya yi fele-fele kamar ganye, na riƙa naɗe shi a jikin tsinke ina zare tsinken, har na sami sanduna goma sha biyu masu rami a ciki, kowace tsawon kamu guda. Na sarƙe su da zobba, suna shimfiɗuwa suna naɗuwa kamar asabari. Na yi musu ƙafafu huɗu masu cirewa, da ɗan faranti na zuba garwashi wanda ke rataye a ƙarƙashi, tsakaninsa da ƙasa taƙi guda. In aka naɗe duka, cikin wata gora mai rami suke shiga, nauyinsu bai kai na kurciya biyu ba. Yaya ta ɗaga gorar da yatsa biyu, ta ce gobe in Allah ya kai mu sai tafiya.

Muka fita da kilishi da dakuwa da bargo biyu, ni da jakar kayan ƙira, ita da sandarta, hannunta ɗaya a kafaɗata. Muka keta dazuzzuka da garuruwan da ba mu jin harshensu. Duk inda yunwa ta tsayar da mu sai in zare murhu in kafa, mu gasa doya ko fara ko abin da tarko ya ba mu, in naɗe mu wuce, ba mu bar ko baƙin wuta a wurin ba.

A rana ta goma sha tara muka shiga Fadamar Hayaƙi. Ƙasarta baƙa ce, mai taushi, in ka taka sai ta lotsa ta dawo. Ko'ina ka duba hayaƙi ne ke fitowa daga ramuka, siriri, yana miƙewa sama kamar dogayen giginyu, ɗaruruwa, har iyakar gani. Ruwan sama ya yi mana duka tun safe, Yaya tana rawar sanyi, sai na kafa murhu a kan ciyawa na aza tarwaɗar da na kama. Kifin bai gama gasuwa ba sai ga maza sun kewaye mu da dogayen sanduna. Ba wanda ya ɗaga murya. Ɗaya daga cikinsu da ke jin harshen fatake ya ce in ɗauki wutata in biyo su. Na kama murhun ta ƙafafu na ɗaga shi da garwashinsa da kifinsa, suka ja da baya suna kallona kamar na ɗauko maciji.

Garinsu a kan turaku yake, bukkoki a sama, ruwa a ƙasa. Aka kai mu gaban shugabarsu, wata tsohuwa da ake kira Iya Tabawa. Ta bakin tafinta ta sanar da mu cewa ƙasarsu ita kanta tana cin wuta kamar itace. A zamanin kakanninta wani baƙo ya hura wuta a ƙasa, wutar ta nutse, tun daga ranar take ci a ƙarƙashinsu, ta cinye garuruwa bakwai. Shi ya sa ba su dafa komai, kifin da rana ta busar da jiƙaƙƙen gero suke ci. Hukuncin wanda ya sa wuta a ƙasa kuwa, a kai shi tsakiyar hayaƙi a bar shi ba jagora. Yaya ce ta durƙusa ta yi magana.

"Ranki ya daɗe, ni makauniya ce, ban ga abin da ƙanena ya yi ba. Amma a aika a duba inda muka zauna. In an sami toka ko ƙwaya ɗaya, mun yarda da hukunci."

Aka aiki mutum biyu. Suka dawo da ciyawar wurin a hannu, kore shar, da danshinta. Iya Tabawa ta sauko daga shimfiɗarta, ta zagaya murhun, ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin farantin, ta bar shi a nan har na ƙirga numfashi goma. Sannan ta gutsuri kifin ta kai baki. Ta tauna a hankali idonta a rufe, ta ce tun tana yarinya kakarta ke ba ta labarin wannan ƙamshi, ta zaci tatsuniya ce. Ta yanke cewa dokarsu a kan wutar ƙasa take, wannan kuwa wuta ce mai ƙafafu.

Kwana tara muka yi a wurinsu. Na nuna musu yadda za su gina kasko na yumɓu mai dogayen ƙafafu su tsayar da shi a cikin ruwa. Ranar da aka fara gashi a garin, na ga dattawa masu gemu suna hura yatsu suna dariya. Da za mu tafi Iya Tabawa ta ba mu curi goma sha biyu na busasshiyar ƙasarsu, marasa nauyi, ta ce kowane ɗaya yana ci daga hantsi zuwa azahar. Ta haɗa mu da jagora har bakin fadama. Kafin ya juya ya gargaɗe mu game da gadar da ke gabanmu: ba ta ɗaukar mai kaya, kuma in ta girgiza da yawa masu ita suna fitowa.

Kwana huɗu bayan haka muka gan ta. Ƙasa ce ta tsage biyu, tsagin da ba a hango ƙarshensa ta dama ko ta hagu. Daga wannan gaɓa zuwa waccan an ja yanar gizo, kowane zare kaurin yatsa, tana ƙyalli cikin rana kamar an saƙa ta da azurfa. A bakinta akwai tsibin kayan da matafiya suka zubar shekara da shekaru: takubba, tukwane, sirada, akwatuna, duk tsatsa ta ci. A nan na ajiye jakar ƙirata dungurungum, har da gudumar da na gada wurin mahaifina. Muka bar bargo ɗaya da rabin guzuri. Na rataya gorar murhu a wuya, na ɗaure curin ƙasa a baya, na je bakin gadar na leƙa.

Girgije na gani a ƙarƙashina, tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashin girgijen. Na ja da baya na zauna daɓas. Yaya ta tambaye ni abin da na gani.

Na ce, "Yaya, babu ƙasa."

Ta ce, "Ni shekarata uku ban ga ƙasa ba, kuma ina tafiya. Tashi ka rufe idonka, ka kama bakin zanena."

Haka muka hau, makauniya a gaba, mai ido a baya ya runtse. Tana laluben zare da yatsun ƙafa, in ta samu ta taka, ni kuma in sa ƙafata inda ta ɗaga tata. Zaren yana da ɗan danƙo, yana riƙe tafin ƙafa yana saki. Mun kai wajen tsakiya sai na ji gadar ta yi nauyi ta bayana. Wani abu mai gashi ya shafi ƙeyata, ya sauka a kan kayana yana latsawa, kamar mai sayen buhu yana gwada cikarsa. Na ji ƙarar haƙoransa a kusa da kunnena. Yaya ma ta ji, amma ba ta tsaya ba, ba ta kuma ƙara sauri ba. Sai ta fara rera waƙar da take yi wa mai naƙuda, ƙasa-ƙasa, tana taka zare daidai da kiɗanta. Na bi waƙar da ƙafata. Abin ya ƙwanƙwasa gorar murhun sau biyu, ya ji ba nauyi, ya janye. Sai da na ji tsakuwa a ƙarƙashina na buɗe ido, na waiga na hango shi yana komawa, girmansa ya kai masakin ƙwarya, ƙafafunsa kamar taɓare.

Daga nan hawa ya fara. Dutsen Rufa-Rana ya ci sunansa, domin in kana gindinsa ba ka ganin rana sai ta kusa tsakiya. A rana ta biyu ciyawa ta ƙare. A ta uku ruwan goranmu ya daskare ya zama dutse, sai na kafa murhu na narkar da shi kafin mu sha. Numfashi ya yi gajere, taku goma sai hutu. Yatsun ƙafata suka daina ji, Yaya ta kama tari mai tsaga ƙirji. Curin ƙasar nan shi ya riƙe ranmu, amma kullum raguwa yake. Ranar da muka taka ƙololuwa saura biyu.

Ban san da wane harshe zan kwatanta muku tafkin nan ba. Yana zaune a cikin dutse kamar ruwa a tafin hannu, kewaye da farar ƙanƙara, shi kuwa bai daskare ba. Garau yake har ƙasa. Sama ta sauko cikinsa, shuɗi a kan shuɗi, har mutum ya rasa inda ruwa ya tsaya. Kifayen kuma jikinsu kamar ruwan ne, ba a ganin su. Hantarsu kaɗai ake gani, ja zur, tana yawo. Sai ka ce garwashi dubu ne aka watsa a cikin ruwa suna iyo ba su mutu ba. Na tsaya na manta da sanyi, ina ta tasbihi. Yaya ta ja rigata ta ce in gaya mata abin da nake gani, sai kawai na ce mun iso.

A nan na tuna ƙugiyoyina suna cikin jakar da na bari a bakin gada. Na zare sanda ɗaya daga jikin murhu, na lanƙwasa ta tsakanin duwatsu biyu, na wasa bakinta. Yaya ta warware zare daga gefen zanenta ta murza igiya. Na sa ɗan kilishi na jefa, nan da nan na ji ja. Na fitar da kifi tsawon hannu, sanyi ƙalau, ina ganin yatsuna ta cikin jikinsa.

Amma na yi gaggawa, na kama kifi ban tabbatar da wuta ba. Iskar wurin ba ta tsayawa, ta kowane gefe take zuwa. Na buga ƙyastu har yatsuna suka fashe, da curin ya fara ja sai wata iska ta sure shi daga farantin ta jefa cikin tafki. Ina kallo hantar ta dushe a hannuna, ta koma baƙa kamar gawayi. Saura curi ɗaya. Na zauna na haɗa kai da gwiwa. Yaya ta lalubo murhun, ta kwanta ta naɗe jikinta a kewayensa, ta ja bargo ta rufe, ta ce in sake. Na danne curin da dutse na sake bugawa. Tartsatsi yana faɗawa iska tana kashewa, leɓunan Yaya sun fara yin shuɗi.

Sai inuwa ta rufe mu. Na ɗaga kai na ga tsuntsu yana saukowa, fikafikansa sun tare rabin tafkin. Ya dira a kan dutse ta inda iska ta fi ƙarfi, har na ji ƙasa ta motsa. Fari ne fat, kowane gashinsa ya kai ganyen giginya, idonsa faɗin faifai, launin zuma. Ya dube ni, ya dubi murhun. Na yi kalmar shahada. Shi kuwa sai ya buɗe fikafikansa ya sauke su har ƙasa, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, muka zama kamar muna cikin ɗaki. Iska ta ɗauke ɗif. Na ji bugun zuciyarsa a saman kaina kamar ana daka a nesa.

Na buga ƙyastu sau ɗaya, audugarsa ta kama, curin ya yi ja. Na rarrafa ta ƙarƙashin fiffikensa na jefa ƙugiya, Allah ya ba ni wani kifin. Na farke shi, na aza hantar a kan sanduna goma sha ɗayan da suka rage. Ta yi cuu, wani ƙamshi ya tashi kamar man shanu da zuma. Na juya ta sau ɗaya na sa wa Yaya a baki da bisimilla. Sauran kifin na gasa shi na tura gaban tsuntsun. Ya ɗauka da bakinsa a hankali, ya haɗiye, sannan ya sunkuyar da ƙirjinsa kusa da garwashin ya lumshe ido. Ban sani ba ko ƙamshi ya kawo shi, ko ɗumi, ko aiko shi aka yi. Yaya ta tambayi abin da ya tare iska, na raɗa mata. Ta miƙa hannu ta shafa gashinsa, ta daɗe tana shafawa, shi kuma bai motsa ba. Da garwashin ya mutu ya miƙe, ya buga fiffike sau biyu, ya shige cikin shuɗin sama.

Na durƙusa gaban Yaya na ɗaga yatsu ina tambayarta ko nawa ne. Ta ce ba ta ganin komai, sai dai idon yana mata zafi kamar an zuba barkono. Na so in fasa kuka, ta hana ni. Ta ce mun yi abin da ke hannunmu, in ɗaure mata idon da ƙyalle mu sauka tun muna da sauran ƙarfi. Muka juyo ba wuta, ba guzuri sai ɗan dakuwa. Kwana biyu hawaye masu kauri suna jiƙa ƙyallen. Ba ta yi ƙorafi ba, ni kuma ina jin kunya, ina ganin na jawo ta ƙarshen duniya a banza.

A rana ta uku da hantsi muka iso wani faffaɗan dutse inda ruwa ke tsattsafowa. Ta kwance ƙyallen don ta wanke fuska. Ta watsa ruwa sau ɗaya, sau biyu, sai hannunta ya tsaya a iska. Ina bayanta ina ɗaure kaya, na ji ta fara magana a hankali, kamar mai karatu. Ta ce ga girgije a ƙasa kamar an baza auduga. Ga wani kogi can yana walƙiya. Ga zaren gada. Ga hayaƙin fadama, siriri, a bakin sama. Ta ɗaga tafin hannunta ta duba gaba da baya. Ni dai igiya ta suɓuce daga hannuna, na kasa tashi.

Sannan ta juyo ta dube ni. Ta daɗe tana kallona, tana karkata kai kamar wadda ta haɗu da baƙo a hanya. Ta matso ta kama gemuna ta ɗan ja shi.

Ta ce, "Nomau, yaushe ka yi furfura haka? Ba wanda ya gaya mini."

Na ce ni ma ban lura ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta share mini fuska da jiƙaƙƙen ƙyallen, ta ce in tashi, akwai mata masu ciki suna jiran ta.

Mun isa Gawasa bayan wata biyu, ta kuma yi shekara goma sha ɗaya tana karɓar haihuwa kafin Allah ya karɓi abinsa. Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa harshena ne ya gaza ɗaukarsa. Allah ya jiƙan Kyauta, ya sa mu cika da kyau.